Ɓoyayyen Saƙo A Cikin Barci: Tsakanin Lasifika, Hedifon Da Matashin Kai

Tun daga lokacin da aka fara naɗar muryar ɗan Adam a kan faifai, akwai wani buri da bai taɓa barin zukatan mutane ba, watau a ce mutum ya kwanta bai san abu ba, ya wayi gari ya san shi, ba tare da ya zubar da gumi ba. An yi wannan buri a zamanin garmaho, aka sake yinsa a zamanin kaset, ga shi kuma ya dawo da ƙarfinsa a zamanin wayar hannu. A dandalin YouTube kaɗai akwai dubban sautuka waɗanda masu su ke cewa sun binne wata murya a ƙarƙashin kiɗa, ko ƙarar ruwan sama, ko ta igiyar teku. Wai muryar tana ta nanata kalmomin ƙarfafa zuciya a hankali ƙwarai, yadda kunne ba zai tsince su ba, amma ƙwaƙwalwa za ta karɓa ta yi aiki da su. Turawa suna kiran wannan abu sabliminal, watau saƙon da ya shige ta ƙasan abin da mutum ke sane da shi.

Alkawuran da ake yi kuwa ba su da iyaka. Ɗalibi zai yi kaifin hadda, mai ƙiba zai rame, mashayin taba zai daina, mai jin kunya zai yi baki, har akwai masu cewa za su ƙara wa mutum tsawo ko su canza masa launin ido. In mako biyu ko uku suka wuce mai saurare bai ga kome ba, da wuya ya zargi sautin. Sai ya koma yana zargin kansa da kayan aikinsa. Ko lasifikar ce ba ta da kyau? Ko da hedifon ya kamata ya saurara? Ko kuwa kwanciyar gefe da yake yi ce ke toshe wa saƙon hanya, ya kamata ya koma rigingine?

Waɗannan tambayoyi suna da amsa, domin masana sun daɗe da sanin yadda sauti ke tafiya daga na'ura zuwa kunne, da abin da ƙwaƙwalwar mai barci ke yi da shi. Ya kamata kuwa a san amsar, saboda abin da mai saurare ke sakawa a cikin wannan caca, kunnensa ne da barcinsa.

ASALIN MAGANAR

A cikin shekarar 1927 wani ɗan kasuwa a birnin New York na ƙasar Amurka, mai suna Alois Saliger, ya fito da wata na'ura da ya laƙaba wa suna Psycho-Phone. Garmaho ne aka haɗa shi da agogo, in dare ya raba sai ya kunna kansa ya shiga gaya wa mai barci cewa arziki da lafiya suna tafe. A 1942 kuma wani masanin halayyar ɗan Adam, Lawrence LeShan, ya ba da labarin gwajin da ya yi a wani sansanin hutu na yara maza. Ya sami yara 20 masu al'adar cizon farce, ya sa garmaho yana nanata musu sau 300 kowane dare cewa farcensu ɗaci gare shi. Da garmahon ya lalace, sai shi da kansa ya riƙa tsayawa a cikin duhu yana faɗin kalmomin. A ƙarshe kashi 40 cikin 100 na yaran suka daina. Abin da ya rage wa wannan gwaji daraja shi ne babu wata hanya da aka bi aka tabbatar cewa yaran barci suke yi a lokacin da ake maganar.

Charles Simon da William Emmons ne suka toshe wannan kafa a 1956, a cibiyar bincike ta RAND da ke jihar Kalifoniya. Sun liƙa wa mutane wayoyin na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa a ka, wadda ke nuna ko mutum a farke yake, ko yana gyangyaɗi, ko ya yi nisa a barci. Suka kwana suna kunna musu tambayoyi da amsoshinsu. Da gari ya waye sai aka tarar amsoshin da mutanen suka riƙe su ne waɗanda aka faɗa sa'ad da na'ura ta nuna suna farke ko suna tsakanin barci da ido biyu. Abin da aka faɗa cikin barci na sosai kuwa ya bi iska.

Shekara guda bayan haka, a 1957, wani mai binciken kasuwa, James Vicary, ya tashi hankalin Amurka. Ya ce ya yi mako shida yana walƙa wasu kalmomi a kan allon wani gidan silima a garin Fort Lee, cikin saurin da ido ba zai kama ba, yana umartar 'yan kallo su sha Coca-Cola su ci gugguru, wai har cinikin gugguru ya ƙaru da fiye da rabi. A 1962 ya amsa da bakinsa cewa ba shi da wata hujja ta kirki, dabara ce ta ceto kamfaninsa da ke neman durƙushewa. Amma labarin ya riga ya shiga duniya. Da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, Sony kuma ya fito da 'yar rikodar aljihu mai suna Walkman a 1979, sai kasuwa ta buɗe. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 an ƙiyasta Amurkawa suna kashe kimanin dala miliyan 50 a shekara wajen sayen kaset masu ɓoyayyen saƙo.

ƘOFA ƊAYA CE

Kafin a yi maganar lasifika da hedifon, wajibi ne mai karatu ya san yadda ji yake aukuwa. Sauti girgiza ce ta iska. Tana shiga ramin kunne ta kaɗa dodon kunne, shi kuma ya miƙa ta ga wasu ƙananan ƙasusuwa uku, su isar da ita ga wani ɗan ƙundu mai siffar katantanwa wanda ke cike da ruwa. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne ke mai da girgiza ta zama saƙon lantarki, jijiyar ji ta kai wa ƙwaƙwalwa. Georg von Békésy, ɗan asalin ƙasar Hangari, ya sami lambar Nobel a 1961 saboda ya nuna cewa kowane sashe na wannan katantanwa yana da irin sautin da ke kaɗa shi, sauti siriri a bakinta, mai kauri a can ƙuryarta. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga girgiza 20 zuwa 20,000 a cikin sakan ɗaya.

To, idan sauti biyu masu kusancin kauri suka iso tare, ɗaya mai ƙarfi ɗaya rarrauna, wuri ɗaya suke kaɗawa, sai mai ƙarfin ya danne raunanan. Duk wanda ya taɓa yi wa wani raɗa a gindin injin niƙa ya san haka. Muryar da aka danne ta sarai ba ta barin wata alama da jijiya za ta ɗauka, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da wata ƙofar baya da magana ke shiga in ba ta jijiyar ji ba. A 1988 Philip Merikle na Jami'ar Waterloo a Kanada ya ɗauki irin kaset ɗin da ake sayarwa ya bi su da na'urar da ke zana siffar sauti, bai ga alamar maganar mutum a cikinsu ba. Ya kuma sa mutane su saurara, suka kasa bambanta kaset mai saƙo da marar saƙo.

Ƙara murya ba ya warware wannan matsala. An riga an gauraya muryar da ƙarar ruwan saman tun wurin naɗa, saboda haka in aka ɗaga ɗaya, an ɗaga ɗayar daidai wa daida. Kamar wanda ya jefa ƙwayar gishiri guda a randa ne, ko da moɗa ya ɗiba ko da ƙwarya, ruwan salaf zai ji shi.

LASIFIKA

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Raɗa tana kai wajen 30, hira ta yau da kullum wajen 60. A fili, duk sa'ad da aka ninka nisan da ke tsakanin mutum da lasifika, ƙarfin sauti yana raguwa da desibel 6. A cikin ɗaki raguwar ba ta kai haka ba, domin bango da rufi suna maido da sautin, amma kuma wannan amsa-kuwwa tana dagula kalmomi su shiga juna. Labule da katifa da bargo su kuma suna shanye sirarin sautuka. Nan ne gizo ke saƙa, domin a cikin sirarin sautukan nan ne bambancin baƙaƙe yake. Abin da ya raba sara da tsara da shara ɗan huci ne siriri a farkon kalma, in ya ɓace sai a bar kunne da wasula kawai.

A ce, alal misali, mutum ya daidaita ƙarar ruwan saman ta iso kunnensa da ƙarfin 45, muryar da aka ɓoye kuma tana ƙasa da ita da 25. Watau muryar tana isowa da ƙarfin 20, ba ta ko kai raɗa ba. Fanka da ke juyawa a sama ta fi ta ƙara nesa ba kusa ba, balle janareton maƙwabta.

'Yar lasifikar da ke jikin waya ta fi kowace rauni, saboda ƙanƙantarta ba ta iya fitar da sauti mai kauri. Akwai kuma wani nau'i da ake kira saƙo marar sauti, wanda wani Ba'amurke, Oliver Lowery, ya yi wa rajistar mallaka a 1992. Shi wannan ana ɗora murya ne a kan sautin da ke girgiza wajen sau 14,500 a sakan. Jin irin wannan siririn sauti yana raguwa da shekaru, dattawa da yawa ba sa jinsa sam, yaro mai kaifin kunne kuwa ɗan tsiwa kawai zai ji kamar ta sauro, wadda ba ta da kamar magana.

Bugu da ƙari, akwai wani cikas da zamanin kaset bai sani ba. Sautin da ke yawo a intanet matse shi ake yi don ya yi sauƙin aikawa. Tsarin MP3, wanda aka yi galibin aikinsa a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus, aka kuma fitar da ƙa'idarsa a 1993, an gina shi ne a kan ilimin danne sauti da aka ambata a sama. Yana lissafin abin da kunne ba zai ji ba, sai ya zubar da shi ko ya bar shi a gurɓace, ya adana wanda ake ji. Tsare-tsaren da suka biyo bayansa haka suke yi, in kuma aka tura sautin ta Bluetooth sai a sake matse shi. Ashe ke nan muryar da aka ɓoye da gangan ita ce ta farko a layin abin da na'ura za ta yar.

Duk da haka lasifika tana da falala biyu. Ba ta taɓa kunne, ba ta kuma hana mutum jin kukan jariri, ko bugun ƙofa, ko ihun gobara.

HEDIFON DA IYAFIS

Abin sauraro na kunne iri biyu ne, akwai babba mai rufe kunne da ake kira hedifon, da ƙarami da ake cusawa a ramin kunne, watau iyafis. Su kam sun kawar da matsalar nisa da amsa-kuwwa, suna kuma rage ƙarar waje. Abin da ke cikin sautin zai iso kunne tsaf. Sai dai ba za su ƙirƙiro abin da babu shi ba, ba kuwa za su tono muryar da aka binne ba.

Wuri ɗaya ne hedifon ya zama dole. A 1839 wani masanin kimiyya Bajamushe, Heinrich Wilhelm Dove, ya gano cewa in aka ba kunnen dama wani sauti, aka ba na hagu wani mai ɗan bambanci da shi, a ce girgiza 400 da 410, mutum zai ji wani bugu a tsakiyar kansa sau 10 a sakan. Ƙwaƙwalwa ce ke haifar da bugun wajen gwama abin da kunnuwan biyu suka kawo. Gerald Oster ya farfaɗo da maganar a 1973, masu haɗa sautukan barci kuma suka rungume ta. Wannan bugu yana bukatar kowane kunne ya sami nasa sautin daban, don haka da zarar iyafis ɗaya ya zame a kan katifa, shi ke nan. Game da amfaninsa kuwa, binciken masana ya rabu, wasu sun ga ɗan sauƙin fargaba, wasu ba su ga kome ba.

Haɗarin kwana da abu a kunne shi ne wanda babu gardama a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2015 cewa matasa kimanin miliyan 1,100 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti mai ƙarfi. A 2019 ta fitar da ma'auni, cewa babba zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuwa 75. In aka kai 90 sai lokacin ya koma awa 4 a mako, in aka kai 100 minti 20 kacal. Wayoyi da yawa kuwa suna iya wuce 100 in aka ƙure su. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Wanda ke kwana awa 8 da iyafis, a mako ya yi awa 56. Ko a kan 80 ya tsaya ya riga ya zarce iyaka, tun ba a haɗa da abin da ya saurara da rana ba. Mai barci kuma ba ya iya rage murya in wani sauti mai ƙarfi ko talla ta biyo baya. Ƙwayoyin nan masu gashi da ke cikin katantanwar kunne in suka mutu ba sa sake tsirowa. Alamar farko ita ce wani ƙugi ko shuu da ke tashi a cikin kunne in wuri ya yi tsit, daga baya mutum ya riƙa jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomi a cikin taro.

Har ila yau, ramin kunne yana bukatar iska. In aka toshe shi dare bayan dare, musamman a lokacin bazara da gumi ke yawa, laima da ɗumi suna taruwa, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, fatar ramin ta kumbura ta yi ƙaiƙayi da ciwo. Iyafis yana kuma tura dattin kunne can ciki ya dunƙule ya toshe ji. Mai waya yana iya naɗe wuya, abin da ya fi zama haɗari ga yara. Kamfanoni irin su Apple sun rubuta a cikin littafin gargaɗinsu cewa kada a kwana a kan waya ko a sa ta ƙarƙashin matashi tana caji, saboda zafin da take ɗauka. Hausawa suna da magana a kan wanda garin neman gira ya rasa ido.

YADDA AKA KWANTA

Kwanciya iri uku ce, kowace da yadda take yi da sauti. Mai kwanciya rigingine kunnuwansa biyu a buɗe suke, sautin lasifika zai iso su daidai, hedifon kuma ba ya danne masa kome. Wannan ya sa masu harkar ke yaba ta. Amma ita ce kwanciyar da harshe da ganɗa ke zamewa baya su matse hanyar iska, minshari ya ƙaru, mai ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci kuma abin ya tsananta masa. Minshari mai ƙarfi yana iya kai ƙarar hira ko ya wuce, ga shi kuwa daga maƙogwaron mai sauraren yake fitowa, ya fi kowace lasifika kusa da kunne. Likitoci kuma suna shawartar mace mai ciki, daga mako na 28, ta riƙa fara barci a gefe maimakon rigingine.

Kwanciyar gefe ita ce ta galibin manya, Musulmi da yawa kuma sun saba fara barci a gefen dama bisa koyarwar addini. A nan kunnen ƙasa yana nutsewa a cikin matashin kai, auduga ko soso su shanye sirarin sautuka, ya rage kunnen sama kaɗai ke aiki sosai. Kai da kansa yana yi wa sauti inuwa kamar yadda bango ke yi wa haske, abin ya fi shafar sautin da ya wuce girgiza 1,500 a sakan. In da iyafis aka kwanta, nauyin kai yana danna shi cikin rami, ya ƙara masa ƙarfi a wannan kunne, ya kuma murje fata. Babban hedifon kuwa ba ya kwantuwa a gefe sam, sai ya goce ko ya danne guringuntsin kunne mutum ya tashi da ciwo.

Rub da ciki ta haɗa aibin duka biyu, wuya a murɗe, kunne ɗaya a binne.

Akwai 'yar lasifika mai faɗi da ake sawa a ƙarƙashin matashi, wadda masu fama da ƙugin kunne ke amfani da ita, akwai kuma ɗan ƙyallen ɗaura kai mai faifayen lasifika marasa kauri. Waɗannan sun fi sauƙi ga mai kwanciyar gefe. Amma ba wanda ke kwana yadda ya kwanta. Mai barci yana juyi sau da yawa kafin asuba ba tare da ya sani ba, juyin nan kuwa jiki ne ke kare kansa daga danne wuri ɗaya. Wanda ya tilasta wa kansa wata kwanciya saboda sauti, barcinsa kawai zai ɓata.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

A ce duk an tsallake waɗannan shingaye, an sami na'ura mai kyau, ɗaki shiru, kunne a buɗe. Shin saƙon zai yi aiki? An gwada wannan a kan mutanen da ke farke ma, waɗanda suka fi mai barci damar ji. A 1991 Anthony Greenwald na Jami'ar Washinton da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 237. Sun sayi kaset iri biyu daga kasuwa, na ƙara ƙarfin tunawa da na ƙara wa mutum yarda da kansa, sai suka musanya takardun da ke jikin wasunsu a asirce. Mutanen suka yi wata guda suna saurare. Da aka auna su, babu kaset ɗin da ya yi abin da aka ce zai yi. Amma fiye da sulusinsu sun tafi da imanin cewa sun sami ci gaba, kuma a kan abin da takardar ta faɗa, ko da abin da ke cikin kaset ɗin daban ne. A wannan shekara wani kwamiti na majalisar bincike ta ƙasar Amurka shi ma ya ce bai sami hujjar da ke goyon bayan irin waɗannan kaset ba.

Wannan ba ya nufin kunnen mai barci a rufe yake. A 1960 Ian Oswald da abokansa a Jami'ar Oxford ta Ingila sun kunna wa masu barci jerin sunaye, suka ga ƙwaƙwalwa ta fi zabura in an ambaci sunan mai ita. Haka uwa ke barci cikin ƙarar motoci, amma jaririnta na motsawa ta farka. Kunne mai gadi ne, yana tantance abin da ya isa a tashi mai gida saboda shi. Shi ya sa duk wani sauti mai hawa da sauka yake iya tsinka barci gutsi-gutsi ba tare da mutum ya tuna ya farka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 1999 cewa kada ƙarar da ke ɗorewa a ɗakin kwana ta wuce desibel 30.

Barcin da ake tsinkawa kuwa shi ne ma'ajin karatu. Tun a 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach na Jami'ar Cornell suka nuna cewa wanda ya yi hadda ya kwanta ya fi riƙe ta bisa wanda ya yi hadda ya ci gaba da harkokinsa. Barci yana zagayawa ne mataki-mataki, kowane zagaye wajen minti 90, a cikin mai nauyinsa ne ƙwaƙwalwa ke bitar abin da aka koya da rana tana adana shi.

A nan ne masana suka sami 'yar gaskiyar da ke cikin tsohon burin. A 2009 Ken Paller da ɗalibansa a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun koya wa mutane wuraren da hotuna 50 suke a kan allon kwamfuta, kowane hoto da sautinsa, kyanwa da kukanta, buta da ƙarar tafasarta. Da mutanen suka yi barcin rana, na'ura ta nuna sun yi nisa, sai aka kunna musu 25 daga cikin sautukan a hankali. Da suka tashi ba su san an kunna kome ba, amma sun ɗan fi tuna wuraren hotunan nan 25. A 2015 Thomas Schreiner da Björn Rasch a ƙasar Suwizalan suka sami irin wannan sakamako da masu jin Jamusanci da ke koyon kalmomin harshen Holan. A lura da sharuɗɗan. An fara koyon abin ne ido biyu, sautin ba a binne yake ba, an kuma saki shi ne a daidai lokacin da na'ura ta nuna barci mai nauyi. Ribar ma kaɗan ce. Da aka mai da gwajin gidajen mutane a 2019, inda babu mai lura da na'ura, sai Rasch da abokin aikinsa Maurice Göldi suka tarar waɗanda sautin bai dami barcinsu ba ne kaɗai suka amfana, waɗanda ya riƙa tashinsu kuwa haddarsu baya ta yi.

SHAWARA

Mutane da yawa suna jin daɗin barci da ƙarar ruwan sama ko wani sauti mai laushi, wannan kuwa ba laifi ba ne. Sautin da ake ji ɗin ne ke rufe haushin kare da ƙarar babur, ya kwantar da hankali. Mai son haka ya fi masa ya yi amfani da lasifika, ya ajiye ta nesa da kansa kamar taku biyu, ya rage ta har ya zama in an yi masa magana a hankali zai ji, ya kuma saita ta ta kashe kanta bayan minti 30 ko awa ɗaya. Wanda ke kwana da jama'a a ɗaki ɗaya, kamar ɗaliban makarantun kwana, ya nemi ta ƙarƙashin matashi ko ta ɗaurawa a ka. In ya zama dole sai iyafis, to ya sa a kunnen sama kaɗai, ya riƙa goge shi, kada ya yi aron na wani. Kada a kwantar da yaro da abu a kunne. Duk wanda ya fara jin ƙugi, ko ciwo, ko ruwa na fita daga kunnensa, ya ajiye na'urar ya nufi asibiti wurin likitan kunne.

Ɗalibin da jarrabawa ta matso kuwa, abin da binciken shekara ɗari ya bar masa shi ne abin da malamansa suka saba gaya masa. Ya yi bitar karatunsa da dare yana farke, ya rufe littafi ya gwada kawo shi da ka, sa'an nan ya cire kome daga kunnensa, ya kwanta a gefen da ya saba, ya sami barcin awa bakwai ko takwas. Da asuba ya sake ɗauko littafin ya ga abin da ya zauna.